Harsashin da ke saura bayan an cire magazin

Duk sanda na ji a labarai an ce bindiga ta tashi bisa kuskure a hannun wani jami'i, an rasa rai a shingen bincike ko a gidan biki, tambaya ɗaya ce ke zo mini: yatsan wa ke kan kunama? Na yi aikin ɗamara har na ajiye kaki, kuma galibin shekarun a ma'ajiyar makamai na yi su. Da safe in miƙa, da yamma in karɓa, in duba lamba, in ƙirga harsashi, mutum ya sa hannu a rajista. Bindigogi tsofaffi da sababbi sun bi ta hannuna ba adadi, amma ban taɓa ganin wadda tana ajiye a wurinta, babu wanda ya taɓa ta, ta yi ƙara ba.

Kafin wani ya ce tsoho ya buɗe makarantar riƙe makami, ga yadda doka take. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga, fistol ce ko libarba, cikin jerin makaman da aka haramta, sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta sufeto janar na 'yan sanda ke ba da lasisinta, ta toka kuma kwamishina. Saboda haka maganata da waɗanda aiki ya rataya wa ita ce a ƙugu, da matansu da 'ya'yansu da ke kwana ɗaki ɗaya da ita ba don sun zaɓa ba, sai kuma 'yan'uwanmu mazauna Amurka, inda yaronka zai je wasa gidan maƙwabci alhali akwai ta a cikin durowa.

Abin da ya fi kashe mutane a harkar fistol harsashi ɗaya ne tak, wanda mai ita ya rantse babu shi. Magazin, wato gidan da ake jera harsasai, yana shiga ta cikin ƙota. Idan ka ja marfin sama baya ka sake shi, sai ya kwashi harsashin da ke sama ya tura shi gindin bututu, wurin da muke kira cemba. Daga wannan lokaci harsashin nan ya bar magazin, ba ruwansa da shi. Ka cire magazin ka sa a aljihu, ka jefa shi rijiya in ka ga dama, na cikin cemba yana nan kwance, kuma a yawancin fistol, da ka ja kunama zai tashi.

Shi ya sa sauke bindiga, wato fitar da harsasanta, ke da tsarin da ba a juya shi. Baki na kallon inda ba kowa, yatsa a waje. Magazin ake fara cirewa. Bayan nan a ja marfi baya da ƙarfi, a maimaita, a kulle shi a buɗe. Sai a leƙa cemba da ido, a leƙa ramin magazin har a hango ƙasa ta cikinsa, in wurin da duhu a zura ƙaramin yatsa a taɓa. Wanda ya juya tsarin, ya fara jan marfi magazin na ciki, ya haɗa wa kansa tarko mafi muni: zai ga harsashi ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, zuciyarsa ta kwanta, alhali da marfin ya koma gaba ya riga ya tura wani. Sai ya cire magazin yana murmushi. Ya ga harsashi ya fita da idonsa, wa zai ce masa da saura?

A ƙofar ma'ajiyarmu akwai rabin ganga cike da yashi, an kishingiɗa ta a kan ƙarfe. Duk mai dawo da makami sai ya cusa bakin bindigarsa ciki ya sauke a gaban idona. Samari sun tsani gangar nan, musamman ranar da aka wuni a rana. Wata yamma hadari ya haɗo, ana ta sauri a samu magariba, layi ya yi tsawo. Wani kofur, mutum mai natsuwa wanda ya daɗe a aiki, ya zo kan ganga yana hira da na bayansa. Na ga hannunsa ya ja marfi, harsashi ya faɗi a siminti ya gangara, sannan ya danna magazin ya fito. Kafin in buɗe baki ya ja kunama. Ƙarar ta daki rufin kwano ta dawo, yashi ya watsu a takalmansa, warin albarushi ya cika barandar. Layin nan gaba ɗaya ya yi tsit, ba ka jin komai sai kunnuwanka na ƙugi. Ya tsaya da magazin a hannun hagu yana kallonsa.

"Oga, wallahi na cire magazin."

"Na gani, kofur. Ga shi nan a hannunka. Na cikin cemba fa?"

Bai ce komai ba. Na karɓi bindigar, na kulle marfi, na ɗauki kwanson da ya faɗi, yana da zafi har lokacin, na rubuta abin da ya faru. An hukunta shi kamar yadda doka ta ce. Ni dai a raina ban ga mutumin banza ba. Na ga mutumin da gangar yashi ta yi wa rana, domin da a ɗakinsa ya yi wannan saukewar, ɗayan gefen bangon iyalin wani ne.

Yanzu ga maganar sefti, wato maɓallin kulle bindiga don kada ta tashi, wadda samari suka ɗauka laya ce. Ɗan ƙanwata da ya gama horo ya zo gaishe ni, fistol a ƙugu, sai ɗaga riga yake don a gani. Ya zare ta zai nuna mini, bakinta ya bi ta kan cikina ya wuce ta kan ƙanensa da ke zaune a tabarma.

"Kai, kau da bakin abin nan daga kan mutane."

"Kawu, ai na sa sefti."

"Sama ka tura shi ko ƙasa?"

Sai da ya juya bindigar ya duba kafin ya amsa. To, nan gizo ke saƙar. Babu wata yarjejeniya tsakanin masu ƙera bindiga a kan inda sefti ke kallo. Colt 1911, wadda John Browning ya tsara, sojan Amurka suka riƙe ta daga 1911 har zuwa 1985, idan ka tura maɓallinta sama ta kulle, ƙasa kuma wuta. Browning Hi-Power, ƙirar kamfanin FN na Beljiyam da ta fito a 1935, wadda da yawanmu da ita muka fara, ita ma haka. Makarov ta Rasha sama kulle, ƙasa wuta. Amma Beretta 92 ta Italiya, wadda ta maye gurbin Colt a sojan Amurka, akasin haka ce: ƙasa kulle, sama wuta, jan ɗigo ya bayyana. Tokarev ta asali ba ta da maɓallin ma sam. Glock ita ma babu abin da za ka tura da babban yatsa. Mutumin da hannunsa ya shekara goma yana danna ƙasa don ya yi harbi, ranar da aka canza masa bindiga, hannun nan ba zai karanta takardar canjin ba. A cikin firgici abin da ya saba shi zai yi.

Hi-Power tana da wata dabara da ake yabo, ni kuwa ina yi mata kallon hadarin kaji. Idan babu magazin a cikinta, kunama ba ta aiki, ko da akwai harsashi a cemba. Ba shakka wannan ya ceci rayuka, musamman na yara da ke samun bindigar uba. Sai dai ya koya wa maza da yawa mugun sabo, cewa cire magazin shi ne sauke bindiga. Ran da aka miƙa wa irin wannan mutum Beretta ko Glock, waɗanda ba su san wannan zance ba, sabon nan ne zai ci shi. Ga kuma wani abin haushi da duk mai kula da makamai ya sani: bayan ka sauke Hi-Power, in kana so ka kwantar da gudumarta, wato ƙarfen bayanta da ke bugawa harsashi ya tashi, ta hanyar jan kunama, dole ka mayar da magazin. Wanda ba kowa a ciki ake nufi. A gajiye, da dare, hannu na iya laluɓo cikakke.

Glock ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, don ita ce yayi yanzu. Gaston Glock, ɗan Ostiriya, ya fito da ita a farkon shekarun 1980, sojan ƙasarsa suka karɓa, daga baya ta mamaye 'yan sandan Amurka, sojan Ingila ma suka ajiye Hi-Power suka koma kanta a 2013. Masu cewa ba ta da sefti ba su faɗi daidai ba. Tana da uku, duka a ɓoye. Akwai ɗan harshe a tsakiyar kunama wanda sai an danna shi kunamar ke motsi. Akwai wani ɗan ƙarfe da ke tare allurar da ke dukan gindin harsashi, ba ya kaucewa sai kunama ta yi baya. Akwai kuma na uku da ke riƙe allurar ko da bindigar ta faɗi ƙasa. Ka lura da abin da ya haɗa su: dukkansu suna sakin hanya da zarar an ja kunama. An yi su ne don faɗuwa da buguwa. Ba su san bambancin yatsan mai niyya da na mai wasa ba, ba su kuma san bambancin yatsa da bakin riga ba. Nauyin kilo biyu da rabi ko kusa da haka ya isa.

Shi ya sa nake faɗa da masu soka fistol a ƙugun wando ba kube, ko su jefa ta aljihun kaftani tare da makullai da carbi. Kuben kirki mai tauri ne, yana rufe kunama gaba ɗaya, kuma bakinsa ba ya lanƙwashewa. Lokacin mayar da bindiga kube ma lokaci ne na hatsari, don a nan igiyar jaket ko gefen riga ke shiga gidan kunama, kai kuma kana turawa ƙasa, bakin na kallon cinyarka. Babu gasar saurin mayarwa. Duba da ido, share rigar da hannu, tura a hankali. In ka ji ta cije, tsaya, kada ka danna. Sannan Glock sai an ja kunamarta ake iya kwance ta don wankewa. Duk wanda ya zauna wanke ta bai duba cemba ba, ya riga ya yi alƙawarin jan kunama a kan abin da bai sani ba. Ni a wurina, ɗakin da ake wanke bindiga harsashi ba ya shigarsa, ko guda ɗaya.

A shekarun baya 'yan sandan birnin Niyu Yok sun daɗe suna sa wa bindigoginsu kunama mai tauri, sama da kilo biyar, don rage irin wannan subuta. Na fahimci dalilinsu, amma ban yarda magani ne ba. Kunama mai tauri tana karkatar da hannun wanda bai ƙware ba, harsashi ya bar wanda aka nufa ya sami mai wucewa. Yatsan da ke zaune inda bai kamata ba kuwa, in mai shi ya yi tuntuɓe, kilo biyar ba komai ba ne a wurinsa.

Na ce ban taɓa ganin bindiga ta tashi tana ajiye ba. Faɗuwa kuwa wani zance ne, kuma tarihin libarba ya nuna haka. Colt ta 1873, irin ta makiyayan Amurka, gida shida gare ta, amma masu hankali biyar suke zubawa, su kwantar da guduma a kan gidan da ba kowa, domin in ta faɗi a kan gudumar allura za ta daki harsashi. Tun a shekarun 1890 kamfanin Iver Johnson ya fito da ɗan ƙarfen da ke shiga tsakanin guduma da allura sai an ja kunama, kamfanin Ruger ma ya sa irinsa a libarbobinsa a 1973. Bindigar zamani mai lafiya an yi ta don ta jure faɗuwa, shi ya sa ake cewa in ta kuɓuce maka, bar ta ta faɗi, kada ka cafe, don a cafewar ne yatsa ke shiga. Amma tsohuwar da ta ci duniya, ko wadda wani gwani ya taɓa cikinta da magagari, ko ƙirar maƙera irin wadda maharba da 'yan banga ke rataye da ita a babur, waɗannan babu mai ba ka tabbaci a kansu.

Wani tsohon sojan Amurka, Jeff Cooper, wanda ya kafa makarantar harbi a Arizona a 1976, ya taƙaita tarbiyyar riƙe bindiga a ƙa'idoji huɗu da yanzu ake koyarwa kusan ko'ina: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya hallakawa ba, yatsa ya nisanci kunama sai ka saita, ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa. Hikimar a nan ita ce sai ka karya biyu a lokaci guda kafin a yi jana'iza. Kofur ɗin nan ya karya ta farko, ta biyu ta rufa masa asiri.

A cikinsu ta yatsa ce na fi wahala da ita wajen koyarwa, don kowa yana ganin shi ke mulkin yatsansa. Ba haka jiki yake ba. Idan aka firgita ka, ko santsi ya kwashe ka, ko ka damƙi rigar wani da hannun hagu da ƙarfi, hannun dama shi ma yana damƙewa ba tare da ya nemi izininka ba. Ka duba yadda ake kama mai laifi a titi: jami'i na jan mutum da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da bindiga, yatsa a cikin gida, ana kokawa ana ihu. Daga nan sai labarin rediyo. Wurin zaman yatsa shi ne a miƙe a jikin bindiga, sama da gidan kunama, inda zai ji ƙarfe ko roba a ƙarƙashinsa. Ana maimaita wannan ne har ya zama ko bindigar roba ta yara ka ɗauka, a nan yatsanka zai sauka.

Kuma kada wani ya ce wannan ta sababbin shiga ce. A 2004 wani jami'in hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka yana tsaye gaban yara a Filorida yana yi musu jawabi a kan hatsarin bindiga. Bai daɗe da cewa shi kaɗai ne a ɗakin ya ƙware da riƙe irin wannan Glock ba, ya harbi ƙafarsa, kyamara na ɗauka. Gwanin ruwa shi ruwa kan ci. Sabon shiga yana tsoronta, shi ya sa yake dubawa. Wanda ya shekara ashirin ne ke sauke ta yana hira.

Batun abin da ke bayan wanda kake harbi kuwa, mutanenmu suna raina fistol don ƙarama ce. Harsashin milimita 9 yana ratsa ƙofar mota, ya ratsa ƙofar katako da langa-langa ba tare da ya gaji ba, kuma in an harba shi a karkace sama yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi. Masu harbi sama a ɗaurin aure ko rakiyar babban mutum, a ina suke zaton yana sauka? Unguwannin Kano da Kaduna ba daji ba ne. Da zafi mutane a tsakar gida suke kwana.

Akwai wata al'ada da ke sa a yi mini kallon marar kunya, ban kuma taɓa barinta ba. Ko wa ya miƙo mini bindiga, ko babban oga ne, ko a gabana ya sauke ta, sai na sake dubawa da kaina. Wani hafsa ya taɓa ɓata rai ya ce, "Kana nufin ban iya ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ka iya. Amma yanzu a hannuna take." A watan Oktoba na 2021, a wurin ɗaukar wani fim a jihar Niyu Meksiko, an miƙa wa jarumi Alec Baldwin libarba aka ce masa ba ta da harsashi mai rai. Ta tashi, mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins ta mutu, darakta ya ji rauni. A 2024 kotu ta ɗaure matar da ke kula da makaman wurin wata 18. Labarin ya tsaya mini a rai don aikina ne take yi. Bindigar ta bi ta hannu fiye da ɗaya, kowa ya dogara da na gabansa. Mai miƙawa ya miƙa marfi a buɗe, magazin a waje, ƙota tana kallon mai karɓa, baki ƙasa. Libarba kuma a buɗe tulunta, wato abin da ke juyawa da harsasai, a ga gidajen. Mai karɓa ya duba kamar ba a duba ba.

A filin harbi akwai abu biyu da ba a cika faɗa wa samari ba. In ka ja kunama ka ji ƙyas babu ƙara, kada ka juyo da ita kana tambayar malami, kada kuma ka leƙa bakinta. Ci gaba da nuna ta gaba, ka ƙirga sakan talatin, domin tsohon harsashin da ya sha danshi yakan yi jinkiri kafin ya tashi. In kuma ƙarar ta fito a raunane, bindigar ba ta girgiza hannunka yadda ta saba ba, dakata. Mai yiwuwa kan harsashin ya maƙale a bututu, na biyu in ya same shi a nan bututun ne zai fashe a hannunka.

Saura gida. In aikinka ya yarda ka mayar da ita ma'ajiya bayan an tashi, mayar. In dole ta kwana tare da kai, ƙarƙashin matashi ba wurin ajiya ba ne, saman wadirob ma haka. Yaro ɗan shekara biyar ya san kujerar da zai taka, kuma ya fi ka sanin abin da ke cikin ɗakinka, don shi ke wuni a ciki. Yatsunsa ba za su iya jan marfi ba wataƙila, amma in akwai harsashi a cemba, manyan yatsunsa biyu sun isa su danna kunama, kuma a wannan riƙon bakin bindigar fuskarsa yake kallo. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo, bindiga a sauke, harsasai a wani wurin daban shi ma a kulle, makulli a jikinka. Yara kuma a gaya musu a fili, ba da tsawa ba: in kun gan ta, a nan ko a gidan wani, kada ku taɓa, ku fita, ku kira babba.

Matan abokan aiki sukan zo mini da wata magana a asirce, sai na ga ya kamata in faɗe ta a nan. Maigida ya shiga wani hali, bashi ko rigimar gida ko abin da ya gani a fagen daga, ba ya barci, yana zama shi kaɗai da bindiga a cinya, ko ya fara sha. Wannan ba lokacin rufa asiri ba ne. A sami wanda yake jin nauyinsa a wurin aiki, a karɓi makamin a mayar ma'ajiya har ya dawo daidai, a kuma kai shi ya ga likita. Na sha karɓar irin waɗannan in rubuta su a rajista kamar kowace bindiga, lamba da kwanan wata da yawan harsashi, ba tare da na tambayi dalili ba.